Ajiya Maganin Wata Rana, Amma Wace Rana?



Mu mutanen karkarar arewacin Kano, tun daga Ungogo da Minjibir har zuwa Bichi da Ɗambatta da Makoɗa, ba a san mu da zubar da kaya ba. Tun muna yara aka biya mana cewa ajiya maganin wata rana ce, kuma mun haddace karatun. Shiga kowane gida ka leƙa ƙarƙashin gado, ko bayan ƙofa, ko saman rumfa, za ka ga shaida: takalmi ƙafa ɗaya, tocilar da ta mutu tun bara waccan, murfin da tukunyarsa ta daɗe da fashewa, buta mai yoyo, cajar waya guda biyar babu mai kawo wuta, ledoji cushe a cikin leda, da kalandar ɗan takarar da ya ci zaɓe har ya gama wa'adinsa ya sauka. Kowanne ka ɗauka za ka kai juji, sai ka ji murya daga cikin ɗaki: "Ajiye shi, zai yi amfani."

A kan wannan murya za mu yi magana. Ba dariya muka zo yi mata ba, domin mun san inda ta samo asali, mun kuma ci albarkacinta. Sai dai kayan da ke shigowa gidajenmu a yau ba irin waɗanda aka yi wa karin maganar ba ne, kuma tarinsu ya fara cin lafiyarmu da natsuwarmu ba tare da mun ankara ba.

Sai an duba gonar kafin a fahimci gidan. Yankinmu yana cikin wuraren da manoma suka fi cunkushewa a duk faɗin ƙasar Hausa. Gona manne take da gona, babu dajin da za a sara, babu filin da ake bari ya huta, ga rabon gado kullum yana ƙara tsattsaga ɗan abin da ake da shi. Duk da haka gero da dawa da wake da gyaɗa suna fitowa a fili ɗaya shekara da shekaru. Wani Baturen Ingila masanin labarin ƙasa, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, daga baya kuma a Jami'ar Bayero ta Kano, ya fara nazarin wannan yanki tun a shekarun 1960. Abin da bincikensa ya nuna shi ne abin da kowane dattijo a ƙauyenmu ya sani: ƙasar tana rayuwa ne da abin da gida yake mayar mata.

Karan dawa ya zama danga ko makamashi, tokarsa ta tafi juji. Harawar wake da ta gyaɗa a ɗaure ta a ɗora kan bishiya, awaki da tumaki su ci a turke, kashinsu ya tafi juji. Ƙaiƙayi, sharar tsakar gida, tsohuwar tabarmar kaba, ruɓaɓɓen zana, duk can ake kai su. Idan bazara ta gabato sai a kwashe jujin a mangala, a kai gona a zuba tsibi-tsibi. Har cikin birnin Kano jakunanmu suke shiga da itace, su fito da sharar birni a matsayin taki. Abin da ba ya ruɓewa kuma yana da mai sana'arsa. Ƙwaryar da ta tsage a ba gyartai, fartanyar da ta cinye a kai maƙera, gwangwani ya koma aci-balbal, tsohuwar taya ta koma guga, kwalba ta karɓi man gyaɗa ko kananzir, tsumma ya zama gammo. Kowane abu yana da ƙofar da zai fita daga gida. Ajiyar iyayenmu zango ce kawai, kaya yana jiran ranar tafiyarsa, kuma ranar tana zuwa.

To, yanzu dubi abin da muke sayowa daga Ƙofar Wambai da Sabon Gari, ko daga kasuwar Ɗambatta ranar Lahadi. Yana da arha, yana da ƙyalli, yana saurin lalacewa. Mai liƙin roba zai liƙe bokiti sau ɗaya, sau biyu, daga nan ya ce a haƙura. Tocilar da ta mutu ba ta da maƙeri. Leda kuwa ko a juji ba ta ruɓewa: takin da tifa ke kawowa daga birni yanzu sai an tsince shi, cike yake da leda da batir da fasasshiyar kwalba, mahauta kuma suna ciro dunƙulen leda daga tumbin akuya. Ƙofar fita ta tsuke, ƙofar shiga ta ƙara faɗi. Kowane biki da ankonsa, kowane suna da robar da ake rabawa, kowace siyasa da hularta da kalandarta. Gida ya zama kududdufi, ruwa yana shiga ba ya fita. Muna nan da ɗabi'ar da, amma wata ranar da muke ajiya dominta ta daina zuwa.

Akwai abu ɗaya da ya kamata mu ware don kada a yi masa kuɗin goro da tarkace, shi ne jeren ɗakin mace. Kakanninmu sun yi jere da ƙorai da akusa da fayafai, masu hali su haɗa da tasoshi. Daga baya kwanukan da ake shigowa da su daga Turai da Asiya suka karɓe fage, su samira da langa da fanteka da kwalla, har aka zo ana ƙera su a nan Najeriya. Bayansu tangaran ya zo, da kuloli, da sif, da kujeru. Baƙo zai ga kwano sittin a ɗakin matar da ke cin abinci a biyu, ya ce almubazzaranci ne. Bai san cewa jere asusu ba ne. Kayan ɗaki mallakin mace ne, miji ba shi da iko a kansu. Idan ciwo ya shigo, ko rumbu ya yi ƙasa a tsakiyar damina, sai a ɗaga kwalla ɗaya a ba dillaliya. Idan 'ya ta isa aure, daga nan ake fara haɗa nata. A ƙauyen da babu banki, matar da ba ta fita kasuwa tana ganin dukiyarta da idonta safe da yamma.

Amma asusun ma ya sauya. Kwanon da yana riƙe darajarsa shekaru. Roba kuwa da ta sha rana sai ta ƙeƙashe, sif ɗin da aka yi da matsattsen garin katako da ya sha danshin damina ɗaya sai ya kumbura, dillaliya ko kallonsa ba ta yi. Ga gasa tsakanin kishiyoyi da faccaloli, wadda ba ta san arha ko tsada ba. Mun ga iyayen da suka jinginar da gona don su cika ɗakin da faɗinsa bai wuce taku biyar ba, aka kafa sif ya toshe taga ɗaya tilo, amarya ta tare a inda ba ta da wurin shimfiɗa sallaya sai ta ɗaga wani abu. An ci bashi an sayo mata ƙunci.

Jiki ne yake fara biyan kuɗin wannan cunkoso. Duk lungun da tsintsiya ba ta kaiwa, gidan ɓera ne da kyankyaso da kunama. Ɓera kuma ba ɓarnar hatsi kaɗai yake yi ba. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu, yana kama mutum ne ta abincin da fitsari ko kashin wani nau'in ɓera ya taɓa, kuma ya fi yawa da rani. Sauro yana wuni a cikin duhun tufafin da aka rataye, ya fito da daddare, sannan gadon da aka kewaye da akwatuna ba ya bari a soke gidan sauro yadda ya kamata. Tsohuwar taya da gwangwanayen da aka jibge a bayan ɗaki suna tara ruwan sama, wani sauron ya yi ƙwai a ciki. Da hunturu, lokacin da ake shiga ɗaki da kaskon wuta, tarin tsumma da katifar soso su ne abincin gobara.

Ga kuma abin da zamani ya ƙaro. Tsoron ɓarayi ya sa da yawa daga cikinmu sun daina barin hatsi a rumbu, an sussuke an zuba a buhu an shigo da shi ɗakin kwana. Ƙwayar maganin ƙwarin da ake jefawa a cikin buhu iska mai guba take fitarwa, ba a yi ta don ɗakin da mutum ke numfashi a ciki ba, balle jariri. Galan ɗin maganin feshi da ya ƙare, shi ma sai a ce zai yi amfani, a ɗauraye a zuba ruwa ko mai, alhali ɗauraya ba ta fitar da gubarsa duka. Ragowar maganin asibiti na shekara uku yana cikin samira, duk wanda ya ji zazzaɓi a ɓallo masa. Waɗannan ajiyoyi ne da wata ranarsu asibiti ce.

Akwai kuma nauyin da ba ya nunawa a jiki. Duk abin da aka ajiye da niyyar za a gyara shi, bashi ne. Ido yana ganinsa kullum, zuciya tana tunawa, ba a biya ba. Rediyon da za a kai gyara, atamfar da za a kai ɗinki, kujerar da za a buga wa ƙusa, kowanne yana yi mana tuni da abin da muka kasa. A 2010 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, Darby Saxbe da Rena Repetti, sun wallafa binciken da suka yi a kan wasu ma'aurata a jihar Kalifoniya ta Amurka. Sun sa su zagaya gidajensu suna bayyana yadda suke ganinsu, sannan suka auna sinadarin kotisol a jikinsu, wanda yake da alaƙa da damuwa, kuma a ƙa'ida yakan hau da safe ya sauka sosai zuwa dare. Matan da suka riƙa ambaton tarkace da ayyukan da ba a gama ba, nasu sinadarin ba ya sauka yadda ya kamata, kuma ransu ya fi ɓaci yayin da yini ke tafiya. A wurin mazan ba a ga haka sosai ba. Gidajensu ba irin namu ba ne, amma wannan bambanci na mace da namiji mun san shi. Maigida zai fita zaure, ko gona, ko majalisa. Ita ce take wuni da kayan, ita ce take sharewa ta kewaye su, ita ce ake tambaya idan abu ya ɓace, ita ce kuma take jin kunya idan baƙuwa ta yi sallama.

Duniya ma ta gano wannan matsala. Wata 'yar ƙasar Japan mai suna Marie Kondo ta fitar da littafi a 2011 a kan rage kayan gida, aka fassara shi zuwa Ingilishi a 2014, ya sayu ƙwarai. Dabararta ita ce mutum ya riƙe kowane abu a hannu ya ji ko yana faranta masa rai, in ba ya yi, ya rabu da shi. Dabara ce mai kyau ga wanda shi kaɗai ya mallaki kayansa, kuma yake da kuɗin sayen wani idan ya buƙata. A gidan gandu ba ta shiga kai tsaye. Garma ba ta faranta wa kowa rai, amma ba a rabuwa da ita. Tukunyar biki sau biyu ake ɗora ta a shekara, amma rabin unguwa ne ke aronta. Sannan kayan da ke ɗaki ɗaya kan iya zama na mutum biyar: na mai ɗakin, na 'yarta da ke gidan miji, na maƙwabciyar da ta kawo ajiya, na marigayin da ba a raba gadonsa ba. Tambayar da ta dace da mu daban ce, kuma a gidanmu muka same ta.

Bayan kaka ne, an gama shigo da amfani, hannu ya ɗan sarara. Ɗakin mahaifiyarmu, Inna, shi ne ya fi damunmu, domin tana yawan tari da daddare, tagarta kuma adaka uku ne a jere a gabanta, ga buhunan wake a gefen gado. Da Yaya babba ya kawo maganar, sai ta dube shi ta ce, "Wato za ku kwashe mini ɗaki tun ina da raina?" Duk wanda ya tashi a nan ya san nauyin wannan magana, domin a al'adarmu ba a fito da kayan tsohuwa tsakar gida sai ranar da ba ta nan. Yaya ya durƙusa ya ce, "Allah ya ƙara miki lafiya, Inna. Ko tsinke ba zai fita ba sai da izininki. Mu dai tagar nan muke so ta buɗu." Ta yi shiru. Bayan kwana biyu ta aiko jikarta ta ce a zo.

Muka shimfiɗa mata tabarma a inuwar darbejiya, muka riƙa fito da kayan ɗaya bayan ɗaya, ita ce alƙali. Babu wanda ya furta kalmar zubarwa. Kowane abu aka ɗaga, tambaya ɗaya ake yi: "Inna, wannan wa za a ba?" Nan muka ga abin mamaki. Matar da ba ta yarda a taɓa mata ko murfi, sai ga shi tana rabo da hannunta. Langa shida ta ce a kai wa 'yar ƙaninta da aka sa wa rana. Zannuwan da ta daina ɗaurawa ta ce a kai wa wata maƙwabciya mai marayu. Kwanukan sha ta ce a ba almajiran makarantar allon unguwa. Har tana ƙarawa da, "Ku ce mata in ji ni." Bahaushiya ba ta zubar da kaya, amma tana kyauta, kuma kyauta girma ce. Da tambayar ta sauya, abin da take gani kamar ƙwace ya koma abin da za a yi mata addu'a a kansa.

Abin da ba mai karɓa muka kasa shi uku. Mai ruɓewa, irin su tabarmi da tsofaffin fayafai da igiyoyin kaba, ya tafi jujin gona kamar yadda aka saba. Ƙarfe da dalma da roba mai tauri muka tara wa ɗan gwangwan, ya auna a sikeli ya biya, domin maƙera da masu zubin tukwane da masana'antun roba na Kano suna sayensu. Kuɗin bai taka kara ya karya ba, amma a hannun Inna aka danƙa shi, tunda kayanta ne. Kashi na uku shi ne mai cutarwa: matattun batura, tsofaffin magunguna, galan ɗin feshi. Galan muka huda don kada wani ya tsinta ya zuba ruwa, magungunan muka kai wa ma'aikacin lafiya na asibitin sha-ka-tafi, ba mu bari ko ɗaya ya shiga takin da za mu ci amfaninsa ba. Waken kuma muka juye shi a buhun PICS, mai leda biyu a ciki, wanda idan aka ɗaure shi da kyau ƙwari ke mutuwa saboda rashin iska ba tare da an sa magani ba, muka fitar da shi daga ɗakin kwana.

Adaka ta ƙarshe ita ce mai wuya, domin kayan Baba ne, Allah ya ji ƙansa. An raba gona tun shekarar da ya rasu, amma ƙananan kayansa babu wanda ya iya taɓawa. Waɗannan ba a yi musu gaggawa, kuma ba hurumin mutum ɗaya ba ne, haƙƙin magada ne komai ƙanƙantarsa. Muka kira 'yan'uwanmu mata da ke gidajen aurensu, muka roƙi limamin unguwa ya zauna da mu. Kowa ya yarda a yi sadaka da rigunan, ladan ya kai gare shi. Kekensa da ya shekara yana tsatsa a zaure aka gyara wa wani jikansa da ke tafiyar ƙafa zuwa sakandare. Littattafansa masu kyau aka kai masallaci, takardun da suka yage masu ɗauke da ayoyi kuma aka bi da su yadda liman ya nuna, ba a haɗa su da shara ba. A ƙasan adakar muka tarar da takardar cinikin wata gonarmu, da sa hannun shaidu, gara ta fara cin gefenta. A yankin da ake kwana a kotu saboda iyakar kunya biyu, kun san darajar wannan takarda. Da ta ƙara damina biyu a wurin, da sai dai labari. Tarkace ba wuri kaɗai yake cinyewa ba, yana binne abin da ya cancanci ajiyar gaske.

Abin da Inna ta riƙe bai fi a ƙirga ba: akushin kakarta, tasa biyu, buzun sallar Baba, da kwallaye huɗu da ta ce na jikokinta ne. Ba mu tambaye ta dalili ba, ba kuma hakkinmu ba ne mu tambaya.

Ba za mu ce gyaran ɗaki magani ba ne. Tarin Inna sai da aka kai ta asibiti. Amma tagar ta buɗu, iska tana ratsawa, hasken safe yana kaiwa har bakin gado. Gidan sauro yana sokuwa ta kowane gefe. Sharar da ake yi ana tsallake kaya, yanzu kafin ruwan koko ya tafasa an gama. Ɓera ya rasa maɓoya, kyanwa ta samu hanya. Faɗan "wa ya ɗauki abu kaza" ya ragu, domin kowane abu yana da mazauninsa. Abin da ya fi faranta mana rai shi ne jikoki sun dawo kwana a ɗakin, saboda an samu wurin shimfiɗa, tatsuniya ta dawo bayan sallar isha'i. Wata goggonmu da ta zo gaisuwa ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Yaya, ƙara miki ɗaki aka yi?" Inna ta ce, "A'a, dama haka yake."

Duk da haka akwai hattara. Na farko, talaka ba ya ajiya don sha'awa. Wanda ba shi da kuɗin sayen igiya gobe, yana da hujjar ɓoye guntuwar igiya yau, kuma bai kamata wanda ya je birni ya dawo da sabuwar waya ya zo yana yi masa wa'azin tsafta ba. Ma'aunin shi ne: abin nan yana aiki, ko yana gyaruwa da kuɗin da muke da shi, kuma mun san ranar amfaninsa? In haka ne, ajiya ce. In ba haka ba, nauyi ne. Na biyu, ba a shiga ɗakin mace ko na tsoho da tsintsiya ba da yardarsa ba. Miji ba shi da ikon fitar da ko cokali daga kayan matarsa, kuma gyaran da aka yi da tilas gaba yake haifarwa. Na uku, akwai wanda abin ya wuce ɗabi'a ya zama ciwo, ya cika ɗaki har ya rasa wurin kwanciya, in an taɓa masa ko leda hankalinsa ya tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya wannan a cikin kundinta na cututtuka da ya fara aiki a 2022. Irin wannan mutum kulawa yake buƙata da likita, ba gori ba.

Sannan kwashe kududdufi ba ya amfani idan ba a tare inda ruwan ke shigowa ba. Kafin a sayi anko na huɗu a shekara, a tuna ukun da ke cikin akwati. Kafin a yi wa 'ya kayan ɗaki, a je a auna ɗakin, a bar mata taga da wurin sallah, ragowar kuɗin a saya mata tunkiya ko keken ɗinki, abin da zai haihu. Gara tocila ɗaya mai ƙarko da guda biyar masu arha. Wannan ba rowa ba ce, sanin ciwon kai ne.

Mu manoma ba baƙi ba ne ga wannan ilimi. Idan gero ya tsiro cunkus a rami ɗaya, da hannunmu muke cire wasu mu bar biyu ko uku, alhali duk irinmu ne, duk mu muka shuka. Wanda ya ji tausayi ya bar su duka, kara zai girba. Kowace bazara muna share gona kafin ruwa ya sauka, ba mu taɓa cewa sai wata rana ba. Gida ma yana son irin wannan sa rana, sau ɗaya a shekara, bayan kaka ko kafin damina, ɗaki ɗaya a lokaci ɗaya, a fara da na kai kafin a je na wani.

Ku kuma 'yan'uwa da ke fama da rubutu a waya cikin dare, kuna neman lungun da za ku zauna ku natsu, wataƙila lungun yana nan a ɗakinku, buhun tsumma ne a kai. Idan kun ɗaga shi kun zauna, ku yi wa rubutun irin tambayar da muka yi wa kayan Inna: wannan jimlar, wa za ta amfana?

Allah ya ba mu lafiya da wadatar zuci, ya ji ƙan iyayenmu da suka koya mana tattali, ya sa ajiyarmu ta zama mai amfani duniya da lahira. Sai mun ji daga gare ku.